Wasiƙa ga Edita: Ba Wa'azin Fada ne Ya Raunana Tsafi a Ƙasarmu ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in ce wani abu game da maƙalar da kuka buga kwanakin baya a kan wa'azin Cocin Katolika a zamanin mulkin mallaka. Na ji daɗi ƙwarai da aka taɓo wannan ɓangare na tarihinmu da mutane da yawa ke kauce wa, kuma marubucin ya yi ƙoƙari. Sai dai ya tafi a kan cewa limaman Katolika, waɗanda ake kira fada, sun shigo ƙasarmu tare da sojojin Faransa, kuma su ne suka karya addinin gargajiya har ya gushe. Ni haifaffen unguwar Birni ne a nan Damagaram, na yi karatun allo, na yi lakwal, wato makarantar boko, tun kafin samun mulkin kai a 1960, na kuma koyar da yara shekaru masu yawa kafin in ajiye aiki. Abin da na gani da idona, da wanda na ji daga bakin iyaye, da wanda na karanta daga baya, duk ba su yi daidai da wannan magana ba.

A ganina tushen ruɗanin yana cikin kalma guda, wato Nasara. A bakinmu na mutanen Nijar, Nasara shi ne Bature kowane iri, ko kwamanda ne, ko ɗan kasuwa, ko likita, alhali a asalinta na Larabci kalmar tana nufin mabiya Annabi Isa ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Saboda haka idan muka ce mulkin Nasara, sai yaro ya ɗauka mulkin coci ake nufi, ya zaci wanda ya zo da bindiga da wanda ya zo da gicciye mutum ɗaya ne da manufa ɗaya. A wasu ƙasashen haka abin ya kasance, kuma zan zo kansu. A ƙasar Damagaram kuwa, tsakanin zuwan na farkon da zuwan na biyun akwai shekaru kusan arba'in.

Ga yadda lissafin yake. An kashe hafsan Faransa Kyaftin Cazemajou a nan Zinder a watan Mayu na 1898, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Yuli na 1899 aka gwabza a Tirmini, rundunar Damagaram ta karye, ragowar ayarin Voulet da Chanoine suka shigo gari. Wannan ayari na hafsoshin Faransa ƴan kaɗan ne da ɗaruruwan sojoji baƙaƙen fata da ƴan dako, kuma ba wa'azi ya kawo su ba, neman hanyar tafkin Chadi ne da cin ƙasa. A 1905 Faransa ta yi dokar da ta raba gwamnati da coci, kuma da yawa daga cikin kwamandojin da aka riƙa turo mana mutane ne da ba su ga maciji da limaman addininsu tun daga gida. Ban da haka, suna cikin fargabar tawayen Musulmi. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa bisa zargin ƙulla makirci, sarautar ba ta dawo ba sai 1923, kuma a 1916 Kawusan, jagoran tawayen Abzinawa, ya kewaye barikinsu a Agadas. Mai mulkin da ke cikin wannan hali ba ya son wani ya zo ya tsokano masa tsuliyar dodo da wa'azin sabon addini a ƙofar masallaci. Zinder ta riƙe matsayin babban birnin ƙasa daga 1911 zuwa 1926, amma a duk tsawon wannan lokaci babu mishan ɗin Katolika ko ɗaya a cikinta. Ƴan mishan na farko da suka zauna a garin nan a 1924 ba ma Katolika ba ne, mutanen ƙungiyar Furotesta ta SIM (Sudan Interior Mission) ne masu jin Ingilishi da suka ƙetaro daga Najeriya. Mishan ɗin Katolika na farko a Nijar sai a 1931 Fada François Faroud, na ƙungiyar ƴan mishan ta birnin Liyon, ya kafa shi a Yamai. A 1942 Roma ta ware yankin Yamai ya zama gundumar wa'azi mai cin gashin kanta, bayan yaƙin duniya na biyu limaman ɗariƙar Redemptoris suka karɓi aikin, kuma ba a sami bishop na farko ba, wato Hippolyte Berlier, sai a 1961, lokacin da tutar Faransa ta riga ta sauka.

Su waye suke cika cocin Zinder a lokacin ƙuruciyata? Mun san su gida-gida. Akawuna ne da malaman lakwal da ma'aikatan gidan waya da magina da kafintoci daga Dahome (Benin ta yanzu) da Togo da Haute-Volta (Burkina Faso ta yanzu), sai wasu sojoji, sai ƴan Turawan gari, sai wasu daga cikin ƴaƴan da Turawa suka haifa da matan ƙasa suka tafi suka bari. Bahaushen Birni ko na Zango ko Babarbaren fada da ya bar sallah ya karɓi baftisma, ni dai ban tashi na san shi ba. Limaman kansu sun gane wannan da wuri, shi ya sa suka maida hankalinsu ga yankunan da suke ganin Musulunci bai kafu ba: ƙasar Arewa wajen Dogondutsi, ƙasar Gurmawa wajen Makalondi, da wasu garuruwan yamma kamar Dolbel. A cikin Gurmawa sun sami karɓuwa gwargwado, har Allah ya sa babban bishop na Yamai na farko ɗan ƙasa, Laurent Lompo, daga cikinsu ya fito. Amma a cikin masu jin Hausa, waɗanda muke kira Anna ko Arna a nan gabas, ake ce musu Azna a Adar da Arewa, ake ce musu Maguzawa a ƙasar Kano da Katsina, girbin bai taka kara ya karya ba.

Dalilin wannan shi ne abin da nake so masu karatu su tsaya su duba, domin a nan ne marubucinku ya yi gaggawa. Fada ya zo da tunanin cewa wanda ba Musulmi ba gona ce da ba a shuka ba, duk irin da ka fara jefawa shi zai tsiro. Gonar kuwa da mai ita. Anna ba su jahilci Allah ba, sun san shi ne mahalicci, da sunansa suke rantsuwa, sai dai suna ganin ya yi nisa, kuma al'amuran yau da gobe, wato ruwan sama da haihuwa da ciwo da albarkar gona, ya bar su a hannun iskoki. Kowane dangi yana da sana'arsa ta gado, ko noma, ko farauta, ko ƙira, ko su, kuma kowace sana'a tana da iskokin da kakanni suka ƙulla amana da su, da irin dabbar da ake yanka musu, da abin da ɗan gidan ba ya ci. Mai gida shi ne mai yanka, kuma shi ne mai raba hatsin gandu. Sarkin Noma ba sarautar ado ba ce, ta wanda ya tara dammunan hatsi ne har ya yi bikin dubu ya rabar. Ba a shiga farautar shekara sai an yi buɗin daji. To idan aka ce wa mutum a cikin wannan tsari ya bar yanka, ya saki matansa ya riƙe ɗaya, ya jira shekaru yana koyon katikisim kafin a yi masa baftisma, ba ra'ayi aka ce ya canza ba. An ce masa ne ya fita daga gandu, ya fita daga dangi, ya rasa wanda zai ba ɗansa mata, ya kuma ɗauki alhakin duk farin da zai zo bayan haka.

Na ga wannan da idona ina ɗan shekara tara ko goma, a ƙauyen dangin mahaifiyata da ke kudu da nan, kan hanyar Magarya. Bazara ta yi nisa, gajimare yana haɗuwa yana watsewa, an yi roƙon ruwa a filin idi har sau biyu. Wata safiya ƙanen kakana ya ja baƙin bunsuru zuwa gindin wata tsohuwar tsamiya a bayan gari, maza kamar goma suna biye da shi, mu yara muna leƙe daga nesa. Akwai wani dutse mai santsi a tsakanin saiwoyin itacen, ya yi baƙi ƙirin saboda jinin shekaru. Tsohon ya tuɓe takalmansa, ya zuba gumba da nono a kan dutsen, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin babban mutum, sannan ya yanka. A nan aka gasa naman aka cinye, ba a kai ko tsoka gida ba. Da magariba kuma na ga wannan tsoho ya yi alwala ya shiga sahu. Da dare na tambayi mahaifiyata, na ce, “Inna, abin da Baba tsoho ya yi ba haramun ba ne?” Ta dube ni ta ce, “Rufe bakinka, ɗan nan. Gado ne.” Ba ta ce addini ne ba, ba ta kuma ce daidai ne ba. Ta ce gado ne, kuma na daɗe kafin in fahimci cewa wannan kalma ita ce katangar da wa'azin fada ya kasa ƙetarewa, wadda wa'azin malamanmu ma ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana sassaƙa.

Kada kuma a ɗauka waɗanda suka riga suka karɓi baftisma sun rabu da nasu gadon. Da iyayena suka koma Sabon Gari, maƙwabcinmu wani akawu ne mutumin Dahome, Katolika tun daga kakansa, ba ya fashin coci ranar Lahadi. Matarsa ta saba da mahaifiyata ƙwarai, suna aron turmi da gishiri, mu kuma muna ce mata Inna kamar yadda muke ce wa kowace uwa a layin. Wata damina ɗansu ƙarami ya kamu da zazzaɓi mai zafi har yana shiɗewa. Da safe ta goya shi zuwa wurin masera, wato sistocin coci, aka ba shi kinin. Da rana ta roƙi mahaifiyata ta karɓo mata rubutu wurin malamin unguwa, aka wanke allo aka ɗura masa. Da dare, bayan mijin ya fita, wata tsohuwa ƴar bori ta shigo da kaskon wuta da turare, aka lulluɓe yaron da zane. Da ya warke ya fito wasa, sai na ga a wuyansa zare ɗaya ɗauke da abu uku: ƴar lambar ƙarfe mai hoton Nana Maryamu, da laya ɗinkakkiya da jar fata, da wani ƙulli na baƙin ƙyalle da kakarsa ta aiko daga can garinsu. Ba na jin akwai littafin coci ko rahoton kwamanda da ya rubuta wannan zare. A rajistar fada yaron Katolika ne, shi ke nan. Uwa kuwa da ɗanta ke hannun mutuwa ba ta bar ƙofar da ba ta ƙwanƙwasa ba.

Mai karatu zai iya cewa ai dalili shi ne cocin bai sami goyon bayan hukuma a nan ba, da ya samu da ya share komai. To mu duba inda ya samu. A Meziko Sifaniyawa sun ci babban birnin Aztek a 1521, limaman ɗariƙar Faransiskan goma sha biyu suka iso a 1524, aka rushe ɗakunan bauta, aka gina coci a kan harsashinsu, aka yi wa jama'a baftisma dubu-dubu. A 1562, a garin Mani na yankin Yukatan, Fada Diego de Landa ya tara littattafan mutanen Maya da gumakansu ya cinna musu wuta, aka azabtar da mutane masu yawa don su faɗi inda suka ɓoye saura. Duk da haka, wani limami masanin harshen ƙasar, Bernardino de Sahagún, ya koka a rubuce cewa mutanen da ke tururuwa zuwa tudun Tepeyak don ziyarar Maryamu suna kiranta Tonantzin, ma'ana uwarmu, sunan da suke kiran abar bautarsu ta dā a wannan tudun. A Peru, tun daga wajen 1610, aka riƙa tura limamai ƙauye-ƙauye da aikin tumɓuke tsafi, suna ƙona abubuwan bauta da busassun gawawwakin kakanni, suna yi wa masu riƙe da su bulala, amma har gobe manoman duwatsun Andis suna zuba wa Pachamama, uwar ƙasa, abin sha kafin su shuka. A Kwango sarki ya karɓi baftisma tun 1491, amma bayan shekaru fiye da ɗari biyu wata budurwa mai suna Kimpa Vita ta tashi ta ce Waliyyi Antoni ya hau kanta yana magana da bakinta, jama'a suka bi ta, aka ƙone ta da wuta a 1706. Duk wanda ya taɓa ganin bori ya hau goɗiyarsa zai gane da wane harshe wannan yarinya ta fahimci waliyyan coci. A garin Wida na Dahome kuwa, inda ƙungiyar su Fada Faroud ta sauka tun 1861, babban cocin Katolika da ɗakin bautar mesa suna kallon juna har yau, hanya ce kawai ta raba su. Idan wuta da bulala da shekaru ɗari huɗu ba su tumɓuke gado a can ba, ta yaya limamai ƴan ƙalilan da suka zo mana a makare, ba su da ko dogari ɗaya, za su tumɓuke shi a nan?

Abin da ya faru a ƙasarmu ma ya fi haka ban mamaki, domin addinin gargajiya bai tsaya ga ɓuya ba, sai da ya haɗiye Nasaran kansa. A 1925, a yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka fara hawan mutane, aka fara da wata mata mai suna Shibo. Iskokin nan ba na daji ba ne ko na ruwa, na bariki ne: soja, da kwamanda, da gwamna, da likita. Wanda suka hau sai ya miƙe ya ƙame, ya sara, ya riƙa ba da oda da wani harshe mai kama da Faransanci, ya riƙe wuta ba ta ƙona shi. Zabarmawa suna ce musu Hauka, a ƙasar Arewa ana ce musu Babule. Kwamandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya kama su ya kulle, sai ga shi ba da daɗewa ba an sami sabon iska mai suna Kwamanda Mugu a cikin jerin. Ƴan cin rani suka tafi da su har Gana ta yanzu. Wannan ba alamar addinin da ke mutuwa ba ce. Kuma ya kamata a tuna cewa Damagaram da Maradi da Gobir ta Tsibiri ba su shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba bayan jihadin 1804, shi ya sa bori ya ci gaba da samun mazauni a kusa da sarauta, ga Iya a Maradi, ga Inna a Tsibiri, kowace tana shugabantar ƴan bori na ƙasarta. A Lugu kuma, inda Sarauniya ta tsaya wa Voulet a watan Afrilu na 1899, sarautar ba ta yanke ba, kuma mutane sun ci gaba da kai ƙara gaban dutsen Tunguma alhali kotun Nasara tana nan a buɗe.

To mene ne ya raunana tsafi, tunda kowa ya san yau ba kamar jiya ba? Amsar da na gamsu da ita ita ce Musulunci ne, kuma abin da mutane ba su cika son ji ba shi ne mulkin mallakar ne ya share masa hanya ba da niyya ba. Nasara ya ɗora lanho, wato haraji, da ake biya da kuɗi, ba da hatsi ba. Neman kuɗin lanho ya sa aka rungumi gyaɗa a Magarya da Matamai da Kance, musamman da jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano. Saurayin da ya sayar da gyaɗar gayaunarsa ya riƙe kuɗinsa, ya biya sadakinsa da kansa, ba ya jiran mai gida, kuma gandun da ya watse ba shi da wanda zai tara shi a gindin tsamiya. Hanyoyi sun yi aminci, fatauci da cin rani suka yawaita, kuma wanda ya je Kano ko Jos ko Ikko ya ga cewa mai sallah shi ke samun masauki da amana da abokin ciniki. Hakiman da Nasara ya naɗa ko ya tabbatar galibinsu Musulmi ne, shari'a a gabansu ake yi, kuma kalmar arne ta koma zagi. Shiga Musulunci kuma ba ta raba mutum da matansa ko danginsa, ba ta kuma maida shi baƙo a garinsu. Daga baya fari na 1973 da na 1984 suka tarwatsa ƙauyuka, dazuzzukan farauta suka zama gonaki, sannan wa'azin gyaran aƙida, wanda ya ƙara ƙarfi bayan kafa Izala a Jos a 1978, ya shiga har cikin ɗakunan mata. Ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin ɗari, Kirista ba su kai kashi ɗaya ba, masu cewa su na gargajiya ne ba su ma kai Kiristan ba. Amma mai ƙidaya addini yake tambaya, ba ya tambayar gado, kuma duk wanda ke kwana a garin nan ya san akwai daren da ake jin garaya da ƙwarya daga wani gida, ya san ba biki ake yi ba.

Adalci ya wajaba ga limaman nan, ko da yake ba addinina suka kawo ba. Sun buɗe makarantu da ɗakunan shan magani, sun karɓi ƴaƴan Musulmi, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan farko na ƙasar nan a hannunsu suka koyi karatu suka fito da sallarsu. Masera sun wanke gyambon da dangi suka guje wa. Laifin da nake gani a kan na farkonsu shi ne rashin saurare. Sun haɗa bori da tsafin gida da maganin boka da buɗin daji suka sa a buhu ɗaya suka ce aikin Shaiɗan ne, alhali tun 1659 ofishin Roma mai kula da wa'azi ya gargaɗi masu tafiya gabas mai nisa da kada su tilasta wa mutane barin al'adunsu matuƙar ba su saɓa wa addini da ɗabi'a ba, kada kuma su kwashi Faransa ko Sifen ko Italiya su kai musu. Sai bayan babban taron Vatikan na 1962 zuwa 1965 harshen cocin ya sauya a fili, har ya ambaci Musulmi da girmamawa. Wannan laifi na rashin saurare kuma ba nasu ne su kaɗai ba, mu ƴan boko mun yi shi, mun ji kunyar kakanninmu a gaban Nasara, muka kuma ji kunyarsu a gaban Larabawa.

Ina so a fahimce ni da kyau, ya Edita. Ni Musulmi ne, na yi imani yanka don wanin Allah shirka ne, kuma ba ina kira a koma gindin tsamiya ba ne. Abin da nake kira gare shi shi ne a faɗi tarihi yadda ya faru, domin tarihin da aka karkatar yana da ɗaci a ƙarshe. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ina cikin garin nan lokacin da aka cinna wa coci-coci wuta saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Zanen ya ƙona mana rai, ni ma ya ƙona mini. Amma waɗanda aka kora daga gidajensu a ranar ba su zana komai ba, wasunsu jikokin akawunan nan ne da magina da muka tashi tare, kuma jaridar da ta yi zanen ba ta raga wa cocin nasu ba ita ma. Yaran da suka ɗauki fetur sun tashi ne da jin cewa Nasara duk ɗaya ne, kuma ba wanda ya zaunar da su ya rarrabe musu.

Roƙona ga jaridarku shi ne ku tura wakilanku su zauna da tsofaffi tun suna da rai, a Mirya da Dogo da Kance da Dogondutsi da Masalata ta ƙasar Kwanni, su tambaye su da ladabi, ba da sigar tuhuma ba, yadda aka yi buɗin daji da girka da bikin dubu, da abin da iyayensu suka ce wa fada ranar da ya fara zuwa garinsu. Ku tambayi tsofaffin Kiristocin Zinder da na Maradi, inda kujerar bishop ɗin yankinmu take tun 2001, yadda kakanninsu suka zo da abin da suka taho da shi a ƙasan akwati. Ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou da ke nan garin suna iya ɗaukar wannan aiki, su haɗa abin da suka ji da rahotannin kwamandoji da ke ajiye a gidajen adana takardu na Yamai da Dakar da Aix-en-Provence.

Ina da dalilin gaggawa. Yayar mahaifiyata ta rasu ta bar wani lefe da ba ta yarda kowa ya buɗe ba, a cikinsa akwai farar riga da rawani da tasbaha na Malam Alhaji, da turare da hula mai ado na Ɗan Galadima, da wani baƙin zane na saƙi da ba wanda ya san na wane iska ne. Kwana uku da rasuwarta wani daga cikin jikokinta ya fitar da lefen bayan gida ya ƙone shi, da kyakkyawar niyya, kafin in iso daga wurin aiki. Ban yi masa faɗa ba, amma na zauna na yi kuka, domin na shekara arba'in ina cewa zan tambaye ta ban tambaya ba. A unguwarmu yanzu saura tsoho ɗaya da ya san kirarin iskoki da garaya tun daga na farko har na ƙarshe, ya tuba ya daina kaɗawa tun da ya dawo daga Makka, idanunsa sun tafi amma hankalinsa garau yake. Na yi masa magana a makon jiya, ya ce in dai don a rubuta ne ba don a hau ba, zai faɗa. Idan wakilinku zai zo, ya zo da na'urar ɗaukar magana, ya kuma zo da hantsi, domin bayan azahar ƙarfin tsohon yakan ragu. Ni zan raka shi har zauren.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Unguwar Birni, Damagaram.